Wayar Da Bai Gwada Ba

Ranar da Auta ta fara zama a shagon kayan wutar babanta, a ranar wani yaron aikin baban nata ya faɗo shagon yana haɗa gumi, filaya a aljihun baya, testar gwada wuta a maƙale a bayan kunne. Ko kallon inda take bai yi ba.

"Oga ya ce a ba ni jar waya, naɗi ɗaya."

"Ita sallamar ma sayar da ita ake yi?" ta ce.

Ya yi turus, ya juyo, sai ga kunya ta rufe shi. "Assalamu alaikum. Yi haƙuri, ban san an canza mai shago ba."

"Wa alaikumus salam. Ga su can ƙasan kantar nan, ɗauka."

Naɗi biyu ne a wurin, kuma dukkansu takardar jikinsu ta yage. Ya durƙusa ya juya wannan, ya juya wancan, ya ɗaga su wajen haske. Can ya runguma ɗaya ya miƙe.

"Ba ja ka ce ba?"

"Ja na ce."

"To ai wannan kore ne."

Da farko dariya ta taho mata, amma da ta ga fuskarsa sai dariyar ta koma. Ya leƙa ƙofa, ya dawo ya rage murya.

"Don girman Allah kar Oga ya ji. Ja da kore duk ɗaya nake ganinsu, haka aka haife ni. Rubutun takarda nake karantawa, yau kuma babu takardar."

Allah sarki. Tun yana ƙarami ba shi da buri sai aikin wuta. Ya nemi makarantar koyon sana'a, aka buɗe masa wani littafi mai ɗigo-ɗigo aka ce ya faɗi lambar da ke ciki, shi kuwa ɗigo kawai ya gani, aka ce ya nemi wata sana'ar. Da ya zo wurin Oga, baban Auta, sai ya kama bakinsa. Abin da ya riƙe shi shi ne gwaji. Kowace waya sai ya sa mata mitar gwaji, ko da shi ya ja ta da hannunsa. Wayar da kowa ya san a mace take ma sai ya dangwala mata testa, har abokan aiki suka laƙaba masa suna Testa, sunan ya bi shi.

A aikin nasu kuwa kuskuren launi ba abin wasa ba ne. Ja ita ke ɗauke da wuta. Kore ita ake ɗaure wa jikin ƙarfe don ta kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ƙasa. In aka musanya su, ƙarfen da mutum zai dafa shi ne zai ja shi. Oga bai ɗaukar wargi a kan wannan, kuma Testa ya san ranar da ya ji, ranar aikin ya ƙare.

Auta ta jawo farin salatif, ta naɗa zobe ɗaya a bakin jar waya, ta naɗa biyu a bakin kore.

"Ɗaya ja, biyu kore. Ai kana iya ƙirga ko, Malam Testa?"

Ya yi murmushi, idonsa ya cika da ƙwalla. "Har uku ma ina kaiwa."

Daga nan abin ya zama nasu su biyu. Duk wayar da za a yanka don aikinsa, ita ke yankawa, ta sa zobe a baki biyun. Shi kuma sai ya tsiro da mantuwa. Yau ya manta soket, gobe ya manta ƙusa, jibi ya dawo wai bai tabbata ya yi sallama ba. Mutumin da bai taɓa mance ko ɗan sukuru ba! Umma, mahaifiyar Auta, tun ba ta gane ba har ta gane, don 'yarta ta koma guga mayafi kafin ta tafi sayar da ƙwan fitila.

Saƙonni kuwa ba a magana.

"Idona, kin isa gida lafiya? Yau na ga kin sa sabuwar riga. Ban san launinta ba, amma na san ta yi sa'a."

"Kai Testana, Allah ya shirye ka. Kore ce. Gobe zan sa mata zobe biyu don ka gane."

Wata rana ta kai musu saƙo wurin aiki, ta tarar da shi durƙushe yana gwada wayar da ta sa wa zobe da hannunta. Ta turo baki.

"Au, ashe ba ka yarda da ni ba?"

"Haba Idona, sabo ne kawai."

"Sabo ne, ko dai kana ganin zan kashe ka?"

Wasa take yi, wallahi wasa take yi. Amma shi maganar ta zauna masa. Tun daga ranar, in waya ta fito daga hannunta da zobe, sai ya ɗaura ta kawai. Gani yake in ya gwada kamar ya ƙaryata ta ne.

Oga kuwa yana ji da Testa. In ya duba aikinsa sai ya gyaɗa kai ya wuce, ba ya ko buɗe soket. Da Umma ta ɗan tsegunta masa zancen yaran, cewa ya yi, "Bari ya ƙara ƙwarewa, ni ba ni da ja."

Mai ja ɗin shi ne Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a hannun Oga. Ya daɗe da sa ran shagon da 'yar mai shagon duka. Ba wawa ba ne, ya lura da farin salatif, ya lura da wanda kaɗai ake yi wa, ya haɗa lissafinsa ya ajiye a ciki.

Ranar da za a haɗa injin ruwa a wani sabon gida, Auta ta yanka ja da kore, ta gama sa zobe a baki ɗaya ke nan sai Dogo ya jingina da kantar shagon.

"Sannu da aikin lada. Ɗaya ja, biyu kore ko?"

Ta yi saurin ɓoye salatif ɗin.

"Kwantar da hankalinki, ba zan faɗa ba. Tausayi kike ba ni. Kin ɗauka sonki yake yi? Shi da bakinsa ya ce ya samu tabarau na kyauta. Ke ba ki ji sunan da yake kiranki ba? Ido yake nema, ya samu."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta shige ta. Bayan fitarsa ta ɗauko ɗaya bakin wayoyin, hawaye na zuba, ta naɗa salatif ba tare da ta duba ba. Ja ta samu zobe biyu, kore ta samu ɗaya. Da Testa ya zo ɗauka ta tura masa a kan kantar shagon ta juya baya.

Yana isa wurin aiki ya turo saƙo. "Idona, me na yi? Fuskarki ta hana ni sukuni."

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan."

Ya karanta ya sake karantawa. Ya zura wayoyin a bututu, ya ɗaura na wajen babban makunni, ya zagayo wajen injin. Har ya ciro mitar gwaji daga jaka, sai ya kalli zoben da ta naɗa, ya ce a ransa yau da take fushi ba ranar da zai yi shakkarta ba ce. Ya mayar da mitar. Ya ɗaura mai zobe biyu a jikin injin, ya rufe.

Oga ya iso da la'asar, ya ɗauraye hannu a bokiti, ya ce a kunna. Aka kunna, injin ya yi shiru. Sai ya ɗora jiƙaƙƙen hannunsa na dama a jikin ƙarfen don ya ji ko yana motsi.

Innalillahi! Ƙarar da ya yi ba ta mutum ba ce. Hannun ya manne, jikinsa na karkarwa. Testa ya tsallake tarin bulo ya kashe makunnin, Oga ya zube ƙasa. Shi ya goya shi har bakin titi yana kiran, "Baba! Baba!" sunan da bai taɓa kiransa da shi ba.

Rai ya tsira, hannu bai tsira ba. Likita ya ce jijiyoyin sun ƙone, yatsun ba za su ƙara riƙe komai ba.

Kafin kowa ya koma sabon gidan, Testa ya koma. Ya buɗe injin, ya sa mita, ya ga abin da ya faru. Sannan ya warware salatif ɗin duka ya jefa a kwata.

A asibiti, gaban Umma da Auta da ma'aikata, Dogo ya zaro guntayen waya biyu daga aljihu ya miƙa masa.

"Gaya wa Oga, wacce ce ja?"

Testa ya kalli wayoyin, ya sunkuyar da kai.

"Ban sani ba."

Oga ya juyo da ƙyar a kan gado. "Tun yaushe?"

"Tun haihuwa, Oga."

"Ka ci abincina, ka shiga gidajen mutane da sunana, kana wasa da rayukansu? Fita. Kar in ƙara ganinka a shagona ko a ƙofar gidana."

Testa ya durƙusa ya ce, "Laifina ne, Oga. Ka yafe mini." Bai kalli Auta ba, ya fita.

Ita kuwa tun a lokacin wani abu yake cin ta. Ta yi ta ƙoƙarin tuna yadda ta naɗa zoben ranar, ta kasa. Da abin ya ishe ta, ta rubuta masa.

"Don Allah ka gaya mini gaskiya. Zoben ne?"

Amsar ba ta zo da wuri ba.

"Ni na ɗaura wayar, ni ne ban gwada ba. Ki kula da Baba, ki dinga cin abinci. Kar ki ƙara tambayata wannan."

Bai ce a'a ba. Ta zauna a ƙasan ɗakinta ta toshe baki da mayafi ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ita ta ƙone hannun babanta. Kuma mutumin da aka ce idonta kawai yake so, ga shi ya ɗauki laifinta ya tafi da shi, ya bar mata sunanta fes.

Gidan ya koma kamar gidan makoki. Oga ya dawo, ya zauna a falo yana kallon akwatin kayan aikinsa. Mutumin da ke feɗe waya ido rufe, yanzu cokali ma sai da hagu, rabi a baki rabi a riga. Auta ke wanke masa ciwon, ita ke sa masa maɓalli. Kullum sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Autata," ita kuma albarkar sai ta ji ta kamar mari.

Testa ya koma wankin mota. Wani ya ce ya gan shi ya rame, ko ƙwan fitilar ɗakinsa da ya mutu ya ƙi canzawa.

Shago ya koma hannun Dogo, bai ɓata lokaci ba ya kawo maganar auren Auta. Wata safiya Auta na sa wa babanta maɓallin riga ya ce, "Dogo ya yi mini magana. Ba zan miki dole ba. Amma wancan, ki cire shi a ranki, ko bayan raina ban yarda ba."

Yatsunta suka tsaya a kan maɓallin.

"Baba, ni ce."

"Ke ce me?"

Ta zube a gabansa ta faɗa masa komai, tun daga naɗin da ba takarda, da zoben, da wasan da ta yi masa har ya bar gwaji, da maganar Dogo, da saƙon ƙarshe. "Ya sani, Baba. Ya gani da idonsa, ya yi shiru don kar ka tsane ni."

Oga ya janye rigarsa daga hannunta, ya tashi ya shige ɗaki da maɓalli a buɗe.

Daga ranar ya daina yi mata magana. In ta gaishe shi sai ya kalli bango. In ta kawo ruwan wanke ciwo sai ya ce Umma ta karɓa. Auta ta bi ta lalace, ba ci ba barci.

Umma dai mace ce mai haƙuri, amma haƙurinta yana da iyaka. Wata rana tana naɗe masa bandeji ta ja shi da ɗan ƙarfi.

"Malam, in tambaye ka mana."

"Ina ji."

"Kai da ka ishe mu da kar a taɓa ƙarfe sai an gwada, ko firjin gidan nan ba ka bari in dafa da jiƙaƙƙen hannu. Testarka na aljihunka ranar. Me ya sa ka ɗora hannu?"

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya rufe. Ya kalli bandejin.

"Don shi ya yi aikin," ya ce a hankali. "Aikinsa ban taɓa gwadawa ba."

"To. Kai ka yarda da shi, shi ya yarda da ita. Ku uku kuka yi abu ɗaya, ka kori ɗaya, kana kashe ɗaya da shiru. Ni wa zan kora?"

Dattijon nan sai ga shi yana kuka, kafaɗunsa na rawa. Umma ba ta hana shi ba, ta ci gaba da naɗinta.

Washegari ya sa aka kira kowa shago, har da Testa. Ya fara da tambayar Dogo.

"Kafin abin ya faru, ka san yaron nan ba ya ganin launi?"

Dogo ya hau kame-kame. "Na ɗan yi zargi, Oga."

"Ka sani, ka bar shi yana shiga gidajen mutane, ka ajiye maganar sai ranar da za ta yi maka amfani. Zancen Auta ka bar shi. Makullin shago kuma ajiye shi nan."

Sannan ya juya ga Testa, wanda ke rakuɓe a bakin ƙofa, hannuwansa duk sun yi fari da sabulun wanki.

"Matso. Ba idonka ne ya cinye mini hannu ba. Ɓoyon da kuka yi ne, da gwajin da ka bari. Da ka faɗa tun farko, wataƙila da na kore ka, ban sani ba. Amma yanzu ga sharaɗina. Kowa a nan ya ji, kuma duk gidan da ka shiga ka faɗa da bakinka. Ba mai ƙara sa maka alama a ɓoye. Duk wayar da ka taɓa sai ka gwada, ko uwarka ce ta miƙo maka. Wani kuma ya bi bayanka ya gwada kafin a kunna. Nawa ma da a ce ina iyawa, haka za a yi."

"Na yarda, Oga."

"Ranar nan da ka goya ni, ba Oga ka ce ba."

Testa ya faɗi a gabansa ya riƙe ƙafarsa yana kuka. Ma'aikata kowa ya juya yana neman abin dubawa a kan kantar shagon.

Ba za a ce abin ya zo da sauƙi ba. Akwai gidajen da ya faɗa aka ce a turo wani, ya ɗauki jakarsa ya fito ba musu. Ran da aka yi masa haka karo na farko ya rubuta mata.

"Yau an kore ni daga wani gida, amma ban ɓoye ba. Auta, ba don idonki nake sonki ba. Ko ke ma ba kya gani, ke zan zaɓa."

"Na sani, Testana. Na sani tun ranar da ka ƙi amsa mini. Ka yafe mini."

"Ni ban taɓa riƙe ki ba. Ki share hawayen, na san kina yi."

An ɗaura aure ba tare da wani taro mai yawa ba, haka Auta ta roƙa. Da aka zo tafiya da ita, aka shigo da su biyun falo suka durƙusa gaban Oga. Umma na gefe tana sharar ido.

Ya yunƙura zai ɗora hannunsa na dama a kan 'yarsa. Hannun ya taso kaɗan ya koma cinya. Ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Umma ta ce, "Malam, yi da hagun mana."

"A'a. Da wannan zan yi."

Sai ango ya matso, ya tallabi hannun da tafukansa biyu, ya ɗaga shi a hankali ya ɗora a kan amaryarsa, ya riƙe shi a wurin. Auta ta ji nauyin yatsun da suka ƙanƙance a kanta, ta fashe da kuka.

"Ba na jin kanki, Auta," Oga ya ce. "Hannun ba ya jin komai. Amma ina so ki sani, da shi na yafe miki. Na yafe muku duniya da lahira. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani."

Aka amsa da amin. Testa bai saki hannun ba sai da surukinsa ya gama addu'a, sannan ya sauke shi a hankali ya mayar masa kan cinya.